Daura tukuna, sannan Katsina: yadda nake sabunta rumbun bayanai ba a rufe sito ba

Ina kula da kwamfutocin wani sito na kayan masarufi a nan Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura, mai reshe ɗaya a Daura. Shinkafa, sukari, taliya, man girki, sabulu, duk sari. Kowane rasit da yaron kanta ya buga, kowane bashi da aka rubuta wa ɗan kasuwar Mashi ko Jibiya, kowane katan da ya fita, yana shiga rumbun bayanai na PostgreSQL da ke cikin wata saba, wato kwamfutar da sauran ke aika wa bayanai, a bayan ofishin akawu. Akwai ta biyu a Daura, aikinta kawai ta kwafi abin da ta Katsina ta rubuta, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ita nake kira mai jiran gado. In ta Katsina ta kwanta dama, ita za a naɗa.

Samun mai jiran gado ba shi ne wahalar ba. Ranar da za a sabunta manhajar rumbun ita ce ranar da ake gane ko tsarin na gaske ne ko ado ne. Ga yadda nake yi, da wuraren da na yi tuntuɓe.

Ka fara sanin wace irin sabuntawa ce a gabanka

Tun daga zubi na 10 da ya fito a 2017, lambar PostgreSQL kashi biyu ce. In ka ga 16.3, 16 ita ce babban zubi, 3 kuma ƙaramin gyara. Tashi daga 16.3 zuwa 16.4 ƙaramar sabuntawa ce: ana toshe ɓaraka, ana gyara kurakurai, amma yadda ake ajiye bayanai a faifai bai canza ba. Irin wannan tana fitowa sau huɗu a shekara, a Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Tashi daga 12 zuwa 16 kuwa ƙaura ce da kaya. Babban zubi na fitowa sau ɗaya a shekara, ana kula da shi shekara biyar, daga nan a sallame shi. An sallami 12 a Nuwamba 2024, 13 kuma a Nuwamba 2025. Wanda ke kan waɗannan har yanzu, duk ɓarakar da aka gano daga baya a buɗe take a gidansa.

Dalilin da ya sa bambancin ke da muhimmanci shi ne yadda mai jiran gado ke kwafi. Kafin PostgreSQL ya rubuta komai a tebur, yana fara rubuta shi a wani kundi da ake kira WAL. Wannan kundin ake turawa Daura, can a sake bin sa layi-layi. Saba biyu masu babban zubi ɗaya suna fahimtar kundin juna ko da ƙaramar lambarsu ta ɗan saɓa. In babban zubi ya bambanta, ba su jin yaren juna ko kaɗan.

Kafin ka taɓa komai

Ka karanta bayanin da ya zo da sabon zubin. Na san ba wanda ke so, ni ma ba na so. Amma wani lokaci a can ƙasa ake cewa bayan ka sabunta sai ka sake gina wani irin fihirisa, wato jerin da rumbun ke bi ya gano bayani da sauri, kuma ba wanda zai kira ka ya tuna maka. Kada kuma ka yi rawar ƙafa ranar da aka saki gyara. A Nuwamba 2024 an saki 17.1 da 'yan uwansa, bayan mako guda aka sake sakin wani domin gyara abin da na farkon ya ɓata. Ni ina ba kowane gyara kwana goma, sai fa in ɓarakar tsaro ce mai zafi.

Sai ka leƙa lafiyar kwafin. A kan sabar Katsina nake buga:

`SELECT client_addr, state, replay_lag FROM pg_stat_replication;`

In ka ga `streaming` kuma ratar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, madalla. In babu layi ko ɗaya, to ba ka da mai jiran gado, sai dai akwatin ƙarfe mai shan wuta a Daura. Ka tsaya ka gyara wannan, maganar sabuntawa ta jira.

Na uku shi ne kwafin ajiya, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Mai jiran gado ba kwafin ajiya ba ce. In akawu ya goge teburin masu bashi da kuskure, kafin ya gama salati ta Daura ma ta goge, domin biyayya ce aikinta. Kwafin ajiya shi ne wanda ka ɗauka da `pg_dump` ko `pg_basebackup`, ka ajiye a gefe, kuma ka taɓa zuba shi a wata kwamfuta ka ga ya tashi. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara kwafinsu da ya tsaya, ya goge bayanai a kan babbar saba yana zaton ta biyun ce. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da suka juya wajen kwafin ajiya sai suka tarar `pg_dump` ɗin da ke gudana na zubi 9.2 ne alhali rumbun na 9.6 ne, ya daɗe yana faɗuwa ba wanda ya sani. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida. Wato abin da ya ci su, rabinsa saɓanin zubi ne, irin wanda sabuntawa ke haifarwa. Tun da na karanta labarin nake manna takarda a jikin allo mai cewa KATSINA ko DAURA, kuma launin tagar umarni na kowace saba daban ne: ta Katsina ja, ta Daura kore.

Sai lokaci. Ba na taɓa saba a goman ƙarshe na azumi, lokacin da motocin 'yan sari ke layi har bakin titi, ba na taɓa ta a ƙarshen wata da akawu ke rufe lissafi. Daren Juma'a bayan isha'i na fi so, in an kulle sito. Da rana nakan je da kaina in leƙa tankin janareto, in duba batiran inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa ta fi kowane kuskuren manhaja saurin kawo hawan jini.

Ƙaramar sabuntawa

Daura ake fara yi. Littafin PostgreSQL da kansa haka ya ba da shawara, saboda sabon gyara ya fi iya karanta kundin tsoho fiye da yadda tsoho zai karanta na sabo. Ni kuma ina da dalili na biyu: in abin ya ƙi, ba wanda ya fasa sayar da taliya.

Sabobinmu na kan tsarin aiki na Ubuntu ne, don haka ina shiga ta Daura daga nesa, in sabunta kunshin `postgresql-16`. Ka sani cewa tsarin zai kashe rumbun ya sake kunna shi da kansa, ba zai nemi izininka ba. Wannan ma ya sa nake kulle kunshin da `apt-mark hold` a sauran ranaku, domin Ubuntu na da ɗabi'ar saka gyaran tsaro shi kaɗai, kuma ba na son ya zaɓar mini lokacin kashe saba. Bayan ta tashi, `SELECT version();` ya nuna sabuwar lamba, in koma ta Katsina in tabbatar `streaming` ya dawo. Daga nan in bar ta kwana biyu ko uku. Rahoton kayan da suka rage a sito daga ta Daura ake ciro shi, saboda haka in akwai matsala akawu zai riga ni gani.

Ita ta Katsina, hanya biyu ce. Mai sauƙi: ka tsayar da manhajar ciniki, ka buga `CHECKPOINT;` domin kashewar ta yi sauri, ka sabunta, ta tashi. A wurinmu bai kai minti biyu ba. Ga sito da ke rufe da dare, wannan ya wadatar, kada ka ɗora wa kanka abin da bai zama dole ba.

Hanya ta biyu ita ce miƙa mulki, kuma sau ɗaya a shekara nakan bi ta da gangan ko da ba dole, don in tabbatar naɗin na aiki. Ka tsayar da duk abin da ke rubutu. Ka duba inda kundin Katsina ya tsaya da `pg_current_wal_lsn()`, ka duba inda Daura ta kai da `pg_last_wal_replay_lsn()`, ka jira su haɗu. Ka kashe ta Katsina kashewar mutunci, ba zare waya ba, domin ta miƙa ragowar kundinta kafin ta yi shiru. Sai ka buga `SELECT pg_promote();` a Daura, ka juya kwamfutocin kanta zuwa adireshinta. Yanzu ka sabunta ta Katsina a tsanake.

Ga inda ake mutuwa. Kafin ka sake kunna ta Katsina, ka ajiye mata fayil ɗin `standby.signal`, ka nuna mata adireshin Daura a `primary_conninfo`. In ka manta, za ta farka tana ganin har yanzu ita ce sarki. Kwamfuta ɗaya da ka manta ba ka juya ba za ta ci gaba da rubuta mata ciniki, sauran suna rubuta wa Daura. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Haɗa lissafin da ya rabu gida biyu aikin hannu ne, rasit bayan rasit. Akwai `pg_rewind` da ke mayar da tsohuwar kan layi, amma yana yin haka ne ta hanyar zubar da abin da ta rubuta ita kaɗai.

Ranar da Daura ta yi shiru, ta Katsina ta shaƙe

Bari in ɗan ratse, domin wannan ya taɓa kwantar da mu. Akwai abin da ake kira gurbin kwafi: alkawari ne da babbar saba ke ɗauka cewa ba za ta zubar da kundin WAL ba sai mai jiran gado ta karɓa. Alkawari ne mai kyau har ranar da intanet ɗin Daura ya ɗauke kwana huɗu. Kundi ya yi ta taruwa, faifai ya cika maƙil, rumbun ya tsaya cik da hantsi, mutane na tsaye da kuɗi a hannu. Alhaji mai sito ya leƙo ofis ya ce, "Injiniya, mi ya hwaru? Ba kai ka ce in ɗaya ta mutu ɗaya na nan ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan karon mai jiran gadon ce ta jawo." Bai yi dariya ba.

A irin wannan hali hannunka zai yi ƙaiƙayin goge fayilolin cikin `pg_wal`. Kul. Da can sunan wurin `pg_xlog`, an canza shi a zubi na 10 ne saboda mutane na ɗaukar sa tarkace suna gogewa suna hallaka rumbunsu. Abin da na yi shi ne na kwashe wasu tsofaffin fayiloli da ba na rumbun ba, ya samu wurin numfashi ya tashi, na sauke gurbin, daga baya na sake gina ta Daura. Lokacin muna kan 12. Daga zubi na 13 akwai `max_slot_wal_keep_size`, wanda ke sa wa alkawarin iyaka, amma a buɗe yake zuwa, sai kai ka sa masa lamba. Ka sa. Mu da muka ga an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a Satumba 2021, aka kwashe watanni, bai kamata a ba mu labarin cewa sabis na iya tafiya ya daɗe ba.

Wannan dalilin ne kuma ya sa ban yarda da kwafi mai jiran amsa ba, wanda babbar saba ba ta kammala ciniki sai ta biyu ta ce ta karɓa. A tsakanin saba biyu da ke ɗaki ɗaya, yana da kyau. Tsakanin Katsina da Daura, kilomita kusan 80 a kan layin da iskar damina ke kaɗawa, duk lokacin da sabis ya yi tari kanta za ta tsaya. Na zaɓi wanda ba ya jira, na kuma gaya wa Alhaji gaskiya: in gobara ta ci ta Katsina, Allah ya kiyaye, za mu iya rasa cinikin 'yan daƙiƙoƙi ko mintocin ƙarshe. Ya ce ya ji ya gani. Wannan shawara ta mai dukiya ce, ba ta injiniya ba.

Babbar ƙaura

Bayan Babbar Sallar 2024 muka tashi daga 12 zuwa 16. In rumbunka ƙarami ne, gigabait biyu ko uku, kada ka wahalar da kanka: `pg_dump` da na sabon zubi, ka zuba a sabuwar saba, ka kwana lafiya. In ya fi haka akwai `pg_upgrade`, wanda ke mayar da fayilolin tsohon rumbu zuwa sabon zubi. Ka fara gudanar da shi da `--check`, zai faɗa maka abin da zai hana, ba tare da ya taɓa komai ba. Yana da `--link` mai gamawa cikin ƙiftawar ido, amma da zarar ka kunna sabon, tsohon ya tashi daga aiki, ba komawa. A nan ta Daura ke da rana: ka tsayar da ita a kan tsohon zubi, ta zama hanyar gudu har gari ya waye ka ga sabon ya zauna.

Ni na bi hanya ta uku, kwafi na ma'ana, wanda ya shigo a zubi na 10. Shi ba kundin faifai yake turawa ba, cewa yake "an ƙara wannan layi, an canza wancan", don haka 12 na iya yi wa 16 magana. Na kafa sabuwar saba a gefen tsohuwa. A tsohuwar na mayar da `wal_level` zuwa `logical`, wanda ke buƙatar a kashe a kunna sau ɗaya. Na kwashe ƙirar tebura da `pg_dump --schema-only` na zuba a sabuwar, domin wannan kwafin ba ya ɗaukar ƙira. Sai `CREATE PUBLICATION` a tsohuwa, `CREATE SUBSCRIPTION` a sabuwa, bayanai suka fara malala ana ciniki ba wanda ya sani. Mako guda na bar su tare ina gwada manhajar ciniki a kan wani kwafin na 16.

Kafin ka buga `CREATE PUBLICATION`, ka bi teburanka ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowanne na da mabuɗin asali, wato abin da ke bambanta kowane layi da sauran. Teburin da ba shi da shi, ba wai kwafinsa kawai zai ƙi ba: gyara ko goge layi a cikinsa zai fara faɗuwa a kan tsohuwar sabar da ake ciniki da ita. Na samu biyu, na gyara su tun kafin.

Abin da ban gyara ba shi ne maƙirga. Lambar rasit daga wani maƙirgi take fitowa, wanda ke ƙara ɗaya duk bugu, kuma kwafi na ma'ana bai ɗauke shi ba. Daren ƙaura komai ya tafi sumul, na ƙirga layukan manyan tebura a ɓangarorin biyu suka yi daidai, na tafi gida ina jin kaina. Da safe ƙarfe takwas da 'yan mintoci yaron kanta ya kira: "Yallaɓai, ta ƙi buga rasit." Sabuwar saba na ƙoƙarin ba da rasit mai lamba 1, alhali akwai mai lamba 1 tun shekarun baya. Minti ashirin aka yi ana rubuta rasit da biro a ƙaramin littafi mai kabon da muke ajiyewa a durowa, ni kuma ina bin maƙirgan da `setval` ina ɗaga kowanne sama da lambar ƙarshe. Yanzu a rubuce yake a takardata, layi na farko bayan tsayar da ciniki. Littafin kabon ɗin ma na sa an ƙaro guda biyar.

Sauran ƙananan ƙayoyi, a gurguje. Ka gudanar da `vacuumdb --all --analyze-in-stages` bayan ƙaura domin rumbun ya sake tara ƙididdigar teburansa, in ba haka ba rahoton da ke fita cikin daƙiƙa zai koma tafiyar hawainiya; sai a zubi na 18 `pg_upgrade` ya fara tafiya da wannan ƙididdigar. Daga 14 hanyar ɓoye kalmar sirri ta asali ta koma `scram-sha-256`, tsohuwar manhajar kanta na iya kasa shiga. Daga 15 kuma ba kowane mai shiga ke da ikon ƙirƙirar tebur a `public` ba.

Ɗaya da ba a cika faɗa ba: kada ka haɗa canjin PostgreSQL da canjin Ubuntu ka ɗauka abu ɗaya ne. A 2018 an canza yadda glibc, wani ɓangare na tsarin da Ubuntu ke aiki da shi, ke jera haruffa, a zubinsa na 2.28. Ubuntu 18.04 na kan tsohon jeri, 20.04 na kan sabo. In ka ɗauki faifan rumbu daga wancan zuwa wannan, ko ka bar ta Katsina a ɗaya ta Daura a ɗaya, fihirisar sunaye na iya rikicewa shiru, ka nemi mai bashi a ce babu shi alhali yana nan. Sabobin biyu su zama kan tsari iri ɗaya, in kuma ka tsallaka da tsohon faifai, ka sake gina fihirisa da `REINDEX`.

Sake gina ta Daura

Bayan babbar ƙaura, tsohuwar mai jiran gado ba ta da amfani ga sabon sarki, sai an gina sabuwa daga tushe. Na gwada jan rumbun gaba ɗaya ta intanet, ya katse sau biyu a tsakiyar dare. A karo na uku na buɗe gurbin kwafi a Katsina, na ɗauki `pg_basebackup` a faifan tafi-da-gidanka wanda na kulle da kalmar sirri, na sa a jaka na hau motar sito mai kai kaya Daura. Muka bi ta Mashi, ni da buhunan sukari. Kafin la'asar na zuba shi, na kunna, ta kama kundin da ya taru tun safe ta cinye cikin 'yan mintoci. Kada ka ba direba faifan ya kai shi kaɗai. Sunayen masu bashin Alhaji da lambobin wayarsu ne a ciki.

Tsakanin daren ƙaura da wannan la'asar ba mu da mai jiran gado ko ɗaya a kan 16, don haka na ɗauki kwafin ajiya sau biyu a ranar. Tsohuwar sabar 12 kuma na bar ta a kashe mako biyu ban goge ba. Da na tabbatar ba mai komawa, na sauke rajistar kwafin a sabuwar da `DROP SUBSCRIPTION`, na duba `pg_replication_slots` na ga babu gurbin da aka manta yana tara kundi.

Takardar matakan tana manne a bangon ɗakin saba, da Hausa, kwafi ɗaya kuma a durowar manajan Daura, wanda na sa ya buga `pg_promote` da hannunsa sau ɗaya ina tsaye a kansa, saboda ranar da za a buƙace shi wataƙila ina wurin ɗaurin aure a Funtuwa waya ba ta shiga. Zubi na 16 zai kai mu Nuwamba 2028. Wanda ke kan 14 kuwa, nasa wa'adin Nuwamba 2026 ne.